Maigida Biyu, Boila Ɗaya

Assalamu alaikum Anti, ya sanyi? Ni 'yar Zariya ce, mun zo Ingila bara. Maigidana yana karatun digiri na uku, muna haya a Luton da yara biyu, babbar shekararta 3, ƙaramin wata 5. Tun shigowar sanyi boilar gidanmu, wato na'urar gas da ke ɗumama gida da ruwan famfo, ta hana mu sakat. Allurar gejin da ke gabanta kullum sai ta sauka ƙasa, maigida ya ƙara mata ruwa, bayan kwana biyu ta sake sauka. In ta kama aiki sai ta riƙa ƙugi kamar buta a kan wuta. Radiyetocin ɗakunan sama, wato ƙarafan bango masu ɗumama ɗaki, gindinsu da zafi, samansu sanyi ƙalau. Wajen wanka ruwa ya yi zafi ya yi sanyi. Ranar da aka yi ƙanƙara kuwa mutuwa ta yi gaba ɗaya, sai da rana ta ɗaga ta dawo. Mako uku ke nan ejan mai gidan haya yana cewa zai turo mai gyara. Yanzu maigida ya ce shi zai buɗe ta, ai injiniya ya karanta, a gida ma shi ke gyara janareto, kuma ya kalli yadda ake yi a YouTube. In ya kasa, wai akwai wani da abokinsa ya sani, mai gyara da araha, kuɗi hannu. Na ce mu matsa wa mai gidan hayar, ya ce kada in jawo mana kora ko matsalar biza. Yau kwana biyu ba ma magana sosai. Ni dai da safe nakan kunna kawunan murhun gas duka huɗu, in rufe ƙofar kicin mu ji ɗumi da yara. Kwanan nan kuma ciwon kai ya dame ni, ina ganin rashin barci ne. Anti, in bar shi ya buɗe, ko in tsaya a kan bakana?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya yara, ya ba maigida sa'ar karatu.

Kin ajiye maganar ciwon kai a can ƙarshen wasiƙa kamar gyara, ni kuwa da ita zan fara, don ita ta hana ni ƙarasa shayina. Mai yiwuwa rashin barcin ne, wadda ke goyon ɗan wata 5 ba ta rasa ciwon kai. Amma mace da yara biyu a kicin rufe, kawunan gas huɗu suna ci, ga boila marar lafiya a gida ɗaya, ba zan yarda a ɗora wa barci laifi ba sai an bincika.

Duk abin da ke cin wuta, gas ne ko gawayi ko fetur, in bai sami wadatacciyar iska ba yana fitar da wata guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta ko sa mutum tari balle ya farga. Kin san ta tun a gida. Ita ce ta iyalin da suka shigo da janareto cikin gida don tsoron ɓarayi, suka kwanta, gari ya waye ba wanda ya tashi. Ita ce ta kaskon garwashi a ɗakin da aka toshe tagoginsa da hunturu. Farkonta ciwon kai ne, jiri, tashin zuciya, kasala, wani lokaci numfashi sama-sama, kamar mura tana shirin kama mutum amma babu zazzaɓi. Ki tambayi kanki: in kin fita kasuwa ko asibiti ciwon yana sakinki, in kin dawo gida ya dawo? Babbar tana yawan kwanciya ba dalili, ko tana cewa cikinta? Jaririn yana barcin da ya wuce saninki, ko yana ƙin nono? Yara ƙanana da masu ciki su gubar ta fi saurin kayarwa.

Daga yau an daina ɗumama kicin da murhu. Ba a yi shi don wannan aikin ba, kuma ban da gubar, gas in yana ci tururi yake saki, shi ne zai kwanta a bango ya zama baƙin naso da ke sa yara tari. Haka kaskon turaren wuta da gawayi, na san halinmu, ki koma na lantarki har sanyi ya wuce. Sannan ki duba ɗakin da boilar take, ko akwai 'yar farar na'urar ƙararrawa ta wannan gubar. Daban take da ta hayaƙi wadda ke manne a silin tana ihu in kin soya albasa. Tun 1 ga Oktoba 2022 dokar Ingila ta wajabta wa masu ba da haya su sa ta a duk ɗakin da ake zama a ciki wanda ke da na'ura irin boila. In akwai, ki danna maɓallin gwaji ki ji ta yi ƙara. In babu, kada ki jira ejan, ku saya yau a babban kanti, kuɗinta bai kai na buhun shinkafa ba, rigimar wa zai biya a yi ta daga baya.

In amsar tambayoyin can ta zama e, ko ƙararrawar ta yi kuka, ko kika ga baƙin tabo kamar na hayaƙi a jikin boilar ko bangon da ke kusa, ki kashe ta, ki buɗe tagogi, ki kwashi yara ku fita, ki kira layin gaggawa na gas, 0800 111 999. Kyauta ne, dare da rana. Shi ne kuma za ki kira in kin ji warin gas, kuma a lokacin kada a taɓa makunnin lantarki ko ɗaya. Don lafiyarku ki kira 111, layin shawarar likita, ki faɗa musu ƙarara cewa kina zargin kabon monoksaid. In wani ya suma ko numfashi ya gagara, 999 ne, layin motar asibiti ta gaggawa. Kada ki bari sai gobe, don gubar tana raguwa a jini bayan an bar wurin, gwaji ya zo bai nuna komai ba.

To, yanzu mu zo ga masu gidanki, don biyu gare ki: wanda kika aura da wanda kuke biya haya. Na farko yana son ɗaukar kayan da ba nasa ba, na biyu ya sauke nasa ya yi tafiyarsa. Kafin ki yi magana da kowannensu gara ki san abin da ke damun boilar, don wadda ta sani ba a rufe mata baki da "ke ba ki gane ba".

Daga bayaninki boilarku irin wadda ake kira kombi ce, mai aiki biyu ba tare da tankin ajiya ba. Tana ƙona gas ta dafa ruwa, wani ɗan injin turawa ya zagaya da shi cikin bututu zuwa radiyetoci ya dawo. Ruwan nan ɗaya ne yake ta zagaye shekara da shekaru, kamar na lagireton mota, ba a sha ba a wanka da shi. In kin buɗe famfon zafi kuma, sai wani bawul ya karkatar da zafin zuwa ga ruwan famfo, kamar mai ba da hannu a mahaɗar titi. Gejin da kike gani matsin ruwan zagayen yake nunawa. In boila ta huce allurar ta zauna tsakanin 1 da 1.5. In ta sauka ƙasa da 0.5, yawancinsu sai su ƙi tashi, su rubuta lamba a fuskarsu. Boilar kamfanin Vaillant takan rubuta F22, Ideal F1, Baxi E119. Duk magana ɗaya suke yi, ruwa ya yi kaɗan.

Tun da rufaffen zagaye ne, ruwan ba shi da inda za shi. A ƙara shi sau ɗaya ko biyu a shekara ba komai ba ne. A ƙara duk kwana biyu kuwa, wani wuri yake zuba, ko da ba ku ga jiƙa ba. Wuri biyu ake fara zargi. Na farko mahaɗan bututu da gindin radiyetoci, inda ɗigo kan fito ya bushe nan take saboda zafi, sai dai ya bar farin tabo ko kore-kore a jikin jan ƙarfen. A naɗa takardar tishu a kowane gindi da dare, a duba da safe. Na biyu shi na fi zargi a gidanku. A cikin boila akwai wani ɗan tulu, rabinsa iska rabinsa ruwa, da roba a tsakani. Ruwa in ya yi zafi kumbura yake, iskar tulun ita ke ba shi wuri. In iskar ta sace ko robar ta fashe, ruwan ya rasa wurin kumbura, allura ta yi ta hawa har 3. A nan wani bawul na tsaro yake buɗewa ya zubar da ruwan waje, ta wani siririn bututun jan ƙarfe da ya ɓullo ta bango a bayan boilar. In ta huce, sai allura ta faɗi ƙasa warwas. Maigida ya ƙara ruwa, a sake komawa gidan jiya. Shi bawul ɗin kuma in ya saba buɗewa, datti kan maƙale a bakinsa ya ƙi rufuwa ruf, ya riƙa ɗiga ko da babu dalili.

Gane wannan ba ya bukatar sukundireba. A cika ruwa zuwa 1.2 boila tana sanyi, a ɗauki hoton gejin, a kunna ɗumama gida, a dawo bayan minti 30 ko 40. Ta ɗan hau kaɗan daidai ne. In ta doshi 2.5 ko 3, tulun ne. A kuma ɗaura leda a bakin siririn bututun na waje a bar ta kwana ɗaya. In an sami ruwa a ciki, an kama ɓarawo.

Ga abin da zan so maigida ya ji, da lallami. Ƙarin ruwan da yake yi ba taimakon boilar yake ba. A cikin ruwan zagayen akwai maganin hana tsatsa da ake zubawa, kullum aka ƙara sabon ruwa ana tsarma shi. Sabon ruwan kuma yana shigowa da iska, iska ta ci ƙarfen radiyeta daga ciki, ya zama baƙin taɓo. Sannan ku a Luton kuke, ƙasar wajen alli ce a ƙarƙashi, ruwanku mai nauyi ne kamar na Landan. Leƙa cikin butar lantarkinki, za ki ga farin ɓawo ya kama gindinta. Mu nan Mancesta ruwanmu daga tafkunan arewa yake zuwa, butata ta shekara nawa ba ta yi wannan ɓawon ba. Irinsa ne ke kama cikin boilarku a daidai inda wuta ke dukan ruwa. Hanya ta ƙuntata, ruwa ya daɗe a wuri ɗaya har ya tafasa, shi ne ƙugin da kike ji. Turawan ma da sunan buta suke kiran wannan ciwon, kin ga kunnenki bai yi ƙarya ba. Ruwan wankan da ke yi muku wasa da hankali shi ma galibi daga nan ne: 'yan faifan ƙarfen da ke miƙa zafi ga ruwan famfo sun toshe, boila ta yi zafi fiye da kima ta ɗauke wuta, ta huce ta sake kamawa, ke kuma kina tsaye da sabulu a ido. Wani lokaci kuma mai ba da hannun nan ne ya maƙale. Ana gane shi in an kashe ɗumama gida, aka buɗe famfon zafi, sai aka ji radiyeta mafi kusa tana ɗaukar ɗumi.

Radiyeta mai sanyin sama iska ce ta taru a ciki, kuma wannan kam aikin maigida ne, da hannu biyu na ba shi. Akwai ɗan makulli mai baki murabba'i, ana sayar da shi a kowane shagon kayan gini. A kashe boila, a bari ƙarfe ya huce, a tara tsumma, a murɗa ɗan kusar da ke saman gefen radiyetar kaɗan kawai, ba a cire shi. Za a ji huci kamar taya tana sacewa. Da ruwa ya fara fitowa a rufe. Bayan an gama a duba geji, don zai sauka. Da a ce gindin ne ke sanyi sama da zafi, to taɓon tsatsa ne ya kwanta, sai mai gyara ya zo da injin wanke bututu. Wadda kuma ta ƙi ɗumi gaba ɗaya alhali sauran suna aiki, sau da yawa ɗan tsinken da ke ƙarƙashin marfin murɗawarta ne ya maƙale don ya yi watannin bazara ba a motsa shi ba.

Mutuwar ranar ƙanƙara kuwa, bari in ba ki labarin kaina ki yi dariya. Ƙarshen Fabrairun 2018 aka yi wani sanyi da ya taso daga gabas, dusar ƙanƙara ta rufe ƙasar nan. Na tashi asuba gida kamar firij, boila tana wani gurgur kamar mai kurkure baki, ta ƙi kamawa. Na yi ta danna maɓalli, na yi addu'a, na kira masu gyara kowa layinsa a cike. Sai washegari da yamma wani ya zo. Bai ko kalli boilar ba. Ya ce in ɗora masa ruwa a buta, ya sirka da na sanyi, ya fita bayan gida ya tsiyaya a kan wani farin bututun roba da na shekara biyar ina wucewa ban taɓa tambayar aikinsa ba. Muka ji wani ƙas, guntun ƙanƙara ya faɗo cikin magudana. Ya dawo ya danna maɓalli ɗaya, wuta ta kama. Na biya kuɗin zuwansa cif, da butata da ruwana.

Abin da ya faru shi ne, tun 2005 boilolin gas da ake sakawa a Ingila irin masu tatse zafin hayaƙinsu ne kafin su sake shi. Garin tatsar, tururi yana komawa ruwa, ruwan yana fita ta wannan bututun roba zuwa magudana. In bututun ya bi ta waje kuma siriri ne, daren sanyi sai ya daskare, ruwa ya koma baya, boila ta kashe kanta don kare kanta. Rana ta fito ya narke, ta dawo, daidai yadda kika gani. Maganinsa na take ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, don tafasasshe na iya fasa robar. A fi ba da ƙarfi a gwiwar bututun da bakinsa na ƙasa. A kula da ruwan da ya zuba a ƙasa, shi ma daskarewa zai yi ya kayar da mutum, kuma in bututun yana sama inda sai da tsani, a haƙura. Maganin dindindin a naɗe shi da rigar soso, ko a sauya mai faɗi, ko a bi da shi ta cikin gida, wannan kuma aljihun mai gidan haya ne.

Wasu ƙananan abubuwa, don kada wata rana a biya kuɗi irin nawa. In mitarku ta kati ce kuma kuɗi ya ƙare, bayan an saka sai an danna maɓallin mitar kafin gas ya dawo, sannan a sake tayar da boila. Na'urar saita zafi ta bango batir take ci. Agogon boila kuma wani ba ya bin sauyin lokacin da ake yi Lahadin ƙarshen Oktoba da ta ƙarshen Maris. Maɓallin sake tayarwa a danna sau ɗaya, ko biyu. In ta sake mutuwa tana da dalili, a ƙyale ta.

Duk abin da na lissafa a wajen farin akwatin boilar yake. Nan ne iyakar, ƙanwata, kuma a kan wannan ki tsaya a kan bakanki: ba zai cire murfin ba. Ba don bai da kai ba. A yawancin boilolin zamani murfin nan ba ado ba ne, yana cikin abin da ke raba ɗakin wuta da iskar da kuke shaƙa, da roba zagaye da bakinsa. In aka mayar da shi bai zauna daidai ba, ido ba zai gani ba, hanci ba zai ji ba. Mai gyara na gaskiya in ya gama sai ya soka na'ura a bututun hayaƙi ya auna abin da ke fita, ita ke gaya masa wutar tana ci daidai ko tana haifar da guba. Wannan na'urar ba ta cikin YouTube. Janareton da yake gyarawa a Zariya a tsakar gida yake, in ya yi kuskure sai dai ya ƙi tashi. Wannan kuwa bango ɗaya ya raba ta da inda ɗansa ke barci. Garin neman gira ake rasa ido.

Ga kuma doka. Dokar gas ta 1998 ta ce ba mai taɓa aikin gas sai ƙwararre, wanda ke yi don kuɗi kuma dole sunansa ya kasance a rajistar Gas Safe, wadda ta maye gurbin CORGI a 2009. Mutumin abokin nan, a tambaye shi katinsa. Katin yana da hoto da lamba, bayansa an jera irin aikin da aka yarje masa, don wani an yarda ya taɓa murhu ba a yarda ya taɓa boila ba. Ana duba lambar a shafinsu na intanet cikin minti biyu. In ya fara kame-kame, kin sami amsa. Ko da ma yana da kati, boilar ba taku ba ce. Duk wanda kuka kawo ba da izinin mai ita ba, ranar da ta lalace ku za a nuna, daga kuɗin ajiyar da kuka ba da lokacin kama haya za a cire, mai gidan da ya yi mako uku yana ɓuya ya sami bakin magana.

Mai gidan hayar nan, a kansa ya kamata a juya. Sashe na 11 na dokar masu gida da 'yan haya ta 1985 ya ɗora masa gyaran abin ɗumama gida da na ruwan zafi, ba alfarma yake muku ba. Dole ne kuma duk shekara ya kawo mai rajista ya duba kayan gas, ya ba ku kwafin takardar cikin kwana 28, sabon ɗan haya kuwa tun kafin ya tare. Ki duba takardun da aka ba ku ranar karɓar makulli. In babu ita, ko ta wuce wata 12, wannan kaɗai ya isa ejan ya gyara zama. Dokar ba ta yanke adadin kwanakin gyara ba, ta ce cikin lokacin da ya dace, amma babu mai hankalin da zai kira mako uku da jariri a tsakiyar sanyi lokacin da ya dace.

Ku daina kiran waya. Mu mun saba da magana baki da baki da "in sha Allahu gobe", nan ƙasar abin da ba a rubuta ba kamar ba a faɗa ba ne. A aika imel ga ejan, a sa mai gidan a ciki in kuna da adireshinsa. A rubuta ranar da aka fara kai ƙara, a jera alamomin, a haɗa hotunan geji da lambar da boila ke nunawa, a ambaci shekarun yara da ciwon kanki. A nemi mai gyara cikin awa 24 zuwa 48, da hita ta lantarki ta aro kafin nan, da kwafin takardar gas. A rufe da cewa in ba a ji komai ba za a sanar da sashen kula da gidajen haya na ƙaramar hukuma. Suna da ikon zuwa su duba gida su tilasta gyara, kuma tsananin sanyi yana cikin haɗurran da dokar gidaje ta 2004 ta sa su duba. Ƙungiyoyin agaji na Shelter da Citizens Advice suna ba da shawara kyauta, har da samfurin wasiƙa. Abu ɗaya kada ku yi, ko wa ya zuga ku: kada ku riƙe kuɗin haya. Nan ne mai gaskiya ke komawa mai laifi.

Tsoron maigida na gane shi, duk mun yi shi a shekarar farko. Amma neman gyaran gidan da kuke biya ba ya cikin tallafin gwamnatin da aka hana masu biza, kuma mai gidan haya ba shi da iko a kan bizarku. Kora ma ba a yin ta da baki. Matuƙar ba gida ɗaya kuke zaune da mai shi ba, sai da sanarwa a rubuce, sai kuma kotu ta yi hukunci. Ya zo ya sauya makulli ko ya watso kaya waje laifi ne a kansa.

Kafin a gyara, ku tattara a ɗaki ɗaya da hita ta lantarki, irin wadda ke da rufaffen mai a cikinta, ba ƙona shi take ba, ta fi kwanciyar hankali inda akwai yara. A soka ta kai tsaye a bango, ba a shanya kaya a kanta. Ɗakin barcin jariri tsakanin digiri 16 da 20 ake so, kada tsoron sanyi ya sa ki lulluɓe shi da bargo uku da hula, zafi fiye da kima shi ma haɗari ne gare shi.

Saura maganarku ku biyu. Ki dubi mutumin nan da kyau. A gida shi ake kira in abu ya lalace, har maƙwabta. Ya zo ƙasar da kuɗinsa ke narkewa in an canza, yana kallon 'ya'yansa da rigar sanyi a cikin ɗaki, wani yaro a ofis yana ja masa rai a waya. Sukundireban nan ita ce kaɗai abin da ya rage a hannunsa da zai ce ga abin da na yi. In kika ce masa "ba ka iya ba", ko don ya nuna miki ya iya sai ya buɗe. Ki bari ya ci abinci. Ki fara da naki laifin, ki ce kin gano kunna murhun da kike yi haɗari ne kin daina, ki gaya masa ciwon kan, don na tabbata ba ki faɗa masa yadda kika faɗa mini ba. Sannan ki ce kina son shi da ya san inji ya gano ainihin ciwon kafin mai gyara ya zo, don kada a zo a ƙara ruwa kawai a tafi. Gwajin geji, ledar waje, tishu a gindin radiyeta, fitar da iska, naɗe bututun roba in hannu na kaiwa, duk nasa ne. Imel ɗin ma shi ya rubuta da sunansa. Mutumin da ke rubuta kundin digiri na uku ba zai gagara tsara wasiƙar da za ta hana ejan barci ba. In duk da haka ya dage sai ya buɗe, ki ce to ke da yara za ku kwana gidan wata 'yar'uwa har mai kati ya zo ya auna, kuma ki faɗa ba da faɗa ba. Ki kuma sami wani babba cikin mutanenmu na masallaci da ya daɗe a nan ya yi masa magana, wani lokaci abin da namiji ya ƙi ji a ɗaki yakan ji shi a bakin ɗan'uwansa.

Ranar da mai gyara ya zo, maigida ya tsaya a kansa, nan iliminsa zai yi rana. Ya nemi ganin kati tun daga ƙofa. Ya nuna masa hotunan geji da ledar. Ya tambaya ko an auna iskar tulun, ko bawul ɗin tsaro yana bukatar sauyi, ko ruwan zagayen ya yi baƙi har yana son wanki, ko an zuba sabon maganin tsatsa, ko akwai matatar maganaɗisu mai kama taɓon kafin ya shiga boila. Ya kuma ga an soka na'ura a bututun hayaƙi kafin mutumin ya ɗauki jakarsa.

Ki rubuto mini abin da 111 suka ce game da kanki, da abin da aka samu a cikin ledar. Ki shafa mini kan yara.